Uwaisu da Ƙarfen da Ba Ya Jin Kunya

A Agege an daɗe ana cewa Uwaisu ɗan Alhaji Sanda ya auri inji. Wai a jami'a aka ɗaura, amaryar ta cika ɗaki guda, ba ta cin tuwo sai kwali mai huji-huji, in ta yi yaji kuma sai an ɗauko Bature ya yi biko. Har wata tsohuwa daga Iyana Ipaja ta aiko tambaya ko an samu ƙaruwa.

Ƙarya ce, jama'a. Ina ma auren ne, da ko waina mun ci. Injin dai akwai shi, kwamfuta ake ce masa, amma ɗan'uwan namu ko taɓa shi ba a bari ya yi. Ta gilashi yake leƙensa, ƙarfe na shan sanyi a ciki, ɗan mutum na zufa a waje. Shi falsafa yake karantawa, wato karatun nan da ake zama a riƙe haɓa. Tambayarsa guda ce: ƙarfe zai iya tunani? In ya iya, ina mutane za su sa kansu? A shekarun nan da kuɗin fetur ya sa kowane yaron mota ya mallaki danfo, wato ƙaramar bas ta haya, shi abin da ya samo mana ke nan.

Da ma tun yana yaro haka yake. An taɓa ba shi akuya ya kai mayanka, aka tarar da shi a bakin hanyar Abule Egba yana tambayarta ko ta san inda za su.

Da labarin auren ya iso wa Alhaji a ƙofar masallaci, sai ya aika a kira Uwaisu. Alhaji dillalin shanu ne, gwiwa ta fara ƙi, yana neman mai tsaya masa a kara, kasuwar shanu. Ya ce in bayani bai gamsar da shi ba, karatu ya ƙare, a miƙa wa yaro sandar korar shanu. Ɗanbaba, taubashin Uwaisu, wanda ke sauke shanu daga jirgin ƙasa, ya zo ya zauna gaba-gaba, don ya daɗe yana neman wanda zai karɓe shi.

Uwaisu ya durƙusa. Ya san in ya soma da Turancin malamansa, gobe yana cikin kashin shanu.

"Baba," ya ce, "in ka shaidi bijimin sa ka ce lafiyayye ne, mahauci ya yanka ya tarar da hanta a ruɓe, wa ake kira gaban Sarkin Kara?"

"Ni mana."

"Me ya sa ba ka shaidar ƙarya?"

"Kai, da wace fuskar zan shiga kasuwa?"

"To ana shirin ba ƙarfen nan aikin shaida. Shi zai faɗi wanda ya ci jarrabawa, da wanda za a ɗauka aiki. In ya ɓata wa mutum rayuwa, ba shi da fuska, ba ya rantsuwa. Masu shi kuma su ce ba su ba ne, inji ne."

Alhaji ya daina tauna goro. "To wa za a kama?"

"Shi nake karantawa, Baba."

"Har yanzu malaman naku ba su gano ba?"

"Ba su gano ba."

Tsohon ya yi tsaki, ya ce ashe duk gilashin idonsu na banza ne, Uwaisu ya koma makaranta ya gano musu. Shi ke nan fa. Da tambayar da ba ta da amsa aka sayi dattijon da ba a taɓa cuta a cinikin shanu ba.

Ɗanbaba ya ga sanda ta dawo hannunsa. Ya ce, "Oga mijin inji, to yaya za a gane in amaryar taka ta fara tunani?"

"Mai sauƙi ne," in ji Uwaisu. "A sa ta bayan labule a yi ta hira da ita, in an kasa bambanta ta da mai hankali, ta ci. Kai tun muna yara muke yi maka wannan gwajin ba labule, kuma har yau muna jira."