Kaset ɗin da Anselmo ya ƙi tsayarwa

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, 2024, da yamma, Chela ta kira ni tana kuka: mijinta Anselmo Bertuzzi ya rasu a ɗakin aikinsa, nan Rosario, ƙasar Ajantina. Daga Allah muke, kuma can kowa ya nufa. Na san da haka, Anselmo, amma har yau ina jin haushinka kamar yadda nake kewarka.

Shekara arba'in ka yi kana tara kaset-kaset na wasannin mawaƙan jita na zamanin ƙuruciyarmu. Ba ruwanka da na kamfani. Naka su ne waɗanda 'yan kallo suka ɗauka a ɓoye, da 'yar rikoda a cikin riga. Danshin kogin nan ya cinye rabinsu. Sai a kawo maka su da fumfuna, zaren ya manne, ka gasa su a ƙaramar tanda da ɗan ɗumi, kai kuma kana gefe da ƙoƙon shayinmu na mate kana ta mita. Ba ka taɓa korar kowa ba, ko da wanda ya zo da buhun shara ne.

Abokan sana'arka kan goge tari da surutun 'yan kallo don waƙa ta fito fes. Kai ka ƙi. Na ji ka da kunnena kana ce wa wani: "Kai sarkin tsabta, waƙar tana kanti, je ka saya. Waɗannan masu surutun fa, a ina za ka same su?" Gaskiya ka faɗa. Da yawansu sojoji sun kwashe zamanin mulkin soja, ba kabari, ba labari.

Yayana Lisandro yana cikinsu. An ɗauke shi a 1977 yana ɗan shekara ashirin. Hotunansa muna da su. Muryarsa ce babu. Mahaifiyarmu, Doña Amparo, ta doshi casa'in, kuma bara ta ce min: "Griselda, na manta yadda yake magana." Wannan maganar ta fi min komai ciwo.

Sai ga wata gwauruwa ta kawo maka kwalin kaset na marigayi mijinta. A jikin ɗaya akwai sunan wasan da ni da Lisandro muka je a wani zauren kulob, 'yan watanni kafin a ɗauke shi. Na tuna mijin nata sarai, don a gefenmu ya tsaya da rikodarsa a cikin riga, yana ta harararmu saboda bakin Lisandro ba ya rufuwa.

Ka duba zaren, ka girgiza kai. "Ƙanwata, wannan sau ɗaya zai wuce ta na'ura. Ƙurar da ke riƙe da sautin tana zubewa. In na tsayar a tsakiya, ya manne ya tsinke, shi ke nan."

Na ce, "To bar shi sai ka ga likita. Dubi fuskarka."

Ka ce, "Fuskar nan haka aka haife ni da ita. Tsohuwa ce ba za ta jira ba."

Kowa ya san dokarka: waya ba ta shiga ɗakin aiki, don tana sa ƙara a cikin sauti. A kicin kake barinta. Ranar Talatar nan, Chela ta tafi kasuwa, ka kunna na'ura, ka riƙe ɗan ƙyalle a kan zaren yana wucewa don ya share dattin kafin ya toshe kan na'urar. In ka saki, sauti ya dushe. Likita ya ce ciwon ƙirjin ya daɗe yana cinka kafin zuciyar ta tsaya, da ka kira da an kai gare ka. Daga kujerarka zuwa kicin ba nisa. Chela ta same ka a zaune, maɓallan riga a buɗe, ƙyallen ya yi baƙi a tsakanin yatsunka. Zaren ya kai ƙarshe, kwamfuta ta ɗauke komai.

Haba Anselmo! Wa ya ce ka yi mana haka? Da ka tambaye ni, wallahi da na ce a jefa kaset ɗin a kogi.

Bayan jana'iza Chela ta kawo mana sautin da kanta. Na kunna wa Mama. Jita, tafi, tari. Can tsakanin waƙoƙi sai wata murya ta fashe kusa da rikodar: "Ke Griselda, kin taka min ƙafa! Matsa mana, jaka kawai!"

Mama ta rufe ido. Ta ce, "Shi ne. Tun yana yaro bai iya magana a hankali ba." Ta sa na maimaita har hannuna ya gaji.

Ubangiji ya jiƙanka, Anselmo, ya yafe maka taurin kai, ya ba ka hutawa. Ya ba Chela da 'ya'yanku haƙurin da mu ba mu da bakin ba su. Ya jiƙan Lisandro da duk masu tari da surutun da ka ƙi gogewa.

Ban gaya wa Mama yadda ka tafi ba. Kullum da safe sai ta ce: "Yaushe mutumin nan zai zo in yi masa godiya?"