Ranar da Baba Ya Sunsuna Hannuna

Jiya jikata ta dawo daga neman aiki a wani asibiti a Jimeta, ta zauna bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Kaka, su ma sun ce ba su san makarantarmu ba."

Makarantar koyon jinya ce da wani marigayi, wanda kowa ke kira Baba, ya kafa a Damilu. Kullum da safe yakan tare ƙofa yana sunsuna hannun ɗalibai. In bai ji ƙamshin jan sabulu ba, sai ka ji, "Koma famfo, 'yar nan!" A lokacin, uwa na jin "ɗalibar Baba ce," sai ta miƙa jaririnta.

Ina cikin dattawan da suka yarda a sauke sunansa daga makarantar, a ɗora na wani attajiri da ya yi alkawarin gini. Ni aka aika in gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya sunsuna, ya sake shi.

Gini bai zo ba, Baba ya tafi, yau ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Ya Allah, Ka hutar da shi, kada Ka kama yarinyar nan da laifin hannuna.