Likkafanin Inna

Auta ne ya kawo fim ɗin nan gidanmu da hannunsa, kuma har gobe idan na tuna sai in ji kamar in kai masa duka. Ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakin mahaifiyarmu, sunan ya bi shi har ya yi gemu. Ya karanta injiniyanci, ya sami aiki a wurin da ake kula da tauraron ɗan'adam, sai aka sa shi cikin waɗanda za a tura ƙasar waje su ga yadda ake ƙera wani sabo. Takardu sun fito, an fara haɗa jaka. Abu ɗaya ya rage, Inna ba ta ce masa "je ka" ba. A gidanmu kuwa ko Zariya za ka, sai ka durƙusa ta sa maka albarka.

Ba hana shi ta yi ba, aikin ne ba ta gane ba. Kullum tambayarta ɗaya ce, wane irin tauraro ne mutum zai ƙera da hannu? Shi kuma da shegen iyayinsa ya ce zai nuna mata ta gani da idonta.

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar. Na hau adaidaita daga gidan mijina a Dala na zo unguwarmu Koki gaishe ta, na tarar ya tada janareta, ya jawo talabijin har gaban tabarmarta. Aka nuno wani mutum cikin fararen kaya masu kumburi, yana gyara a wajen kumbo, an ɗaure shi da igiya. Ƙasa da shi ga duniya can kamar ƙwallo, sama da shi baƙi ƙirin. Ni da ko soron gidanmu ba na iya hawa in yi shanya, tuni na matsa kusa da Inna. Can sai wani abu ya fashe da ƙara, igiyar ta tsinke, mutumin ya fara nisa yana juyi, yana miƙa hannu babu abin kamawa. Na ji Inna tana salati ƙasa-ƙasa.

Auta kuwa dariya yake yi har da buga cinya.

"Ƙarya ce wannan, Inna," in ji shi. "Babu wata ƙara a can, don babu iska. In rediyonsa ya mutu, ko ihu ya yi ba mai jin sa."

Inna ta juyo. "Ko kalmar shahada ya yi?"

"Ba mai ji."

"To ina zai faɗo?"

"Ai nan ma sun yi kuskure. Ba faɗowa zai yi ba, zagaya duniya zai yi ta yi."

"Gawar tasa?"

"Ba ta ruɓewa, bushewa take yi. In kuma yana kusa, a hankali zai riƙa saukowa, kafin ya iso ƙasa ya ƙone ƙurmus."

Na kai hannu na mintsine shi a cinya da iya ƙarfina, amma magana ta riga ta fita. Mai ilimi ne, ban ce a'a ba, sai dai bakinsa ba shi da birki. Masu fim ɗin sun tsorata mu da ƙaryarsu, shi ya zo ya gyara musu, gaskiyar ta fi ƙaryar muni. Inna ta ce a kashe, aka kashe.

Sai a lokacin ya ga fuskarta. Ya sauko daga kujera ya durƙusa yana rantse-rantse, shi ba ɗan sama jannati ba ne, ba inda za a ɗora shi, aikinsa a ɗaki ne gaban kwamfuta. Ya ce tauraron ma ba mutum a cikinsa. Ya ce harba abu sama tsada gare shi ta fitar hankali, ko ƙusa ce sai an auna nauyinta an biya, wa zai ɓata dukiya ya ɗauki ƙato irinsa?

Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To ka ga. In zuwan yana da wannan tsadar, ranar da ka ɓace a can wa zai kashe kuɗinsa ya je ɗauko gawar ɗan Koki?"

Ya tashi ya fita ya kashe janareta.

Ni malamar makaranta ce, na sani sarai ba inda za shi sai ofis. Amma sanin bai hana ni tsoro ba. Ya taɓa nuna min wani ɗan haske da ke tafiya a hankali cikin taurari bayan magariba, ya ce irin nasu ne. Da can ina son ganinsa. Bayan fim ɗin nan, in na fito alwala na hango shi yana ratsa saman gidanmu, sai in ga kamar wani ɗan mutane ne yake wucewa a bushe, ba wanka, ba sallah, ba wanda ya juya fuskarsa gabas. Sai in tattara buta in shige ɗaki da sauri. Mu da muka tashi muna ganin ana wucewa da makara ta lungunmu, maza suna karɓa-karɓa, ban taɓa tunanin akwai mutuwar da ba ta ƙarewa a ƙasa ba.

Inna ta rage cin abinci. Na ce mata, "Inna, Allah ai Ya san inda kowane bawa yake."

Ta ce, "Na sani. Ni ce nake son in san inda nawa yake."

Ranar tafiya ta zo ba ta ce komai ba tukuna. Auta ya shigo da hantsi ya durƙusa, idonsa ya yi ja, don ya riga ya gaya min in ba ta yarda ba, zai fasa tafiyar. Ta tashi ta buɗe tsohuwar adakarta, ta ciro wani ƙunshi daga can ƙasa. Duk gidan ba wanda bai san ƙunshin nan ba. Farin yadi ne da ta sayo a aikin hajji, ta tsoma shi a ruwan zamzam ta shanya a can. Duk shekara takan fito da shi ya sha iska, ta turara shi, ta mayar, tana ce mana, "Kun dai ga kayan tafiyata, kada wanda ya je min kasuwa."

Ta ɗora masa a hannu.

"In za su ɗora ka, ka naɗa shi a jikinka daga ciki. Ko ba a same ka ba, ka tafi da suturarka."

"Inna, wallahi ba..."

Na watsa masa harara, ya haɗiye sauran. Ya karɓa da hannu biyu. Ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe.

Da ya isa, yakan kira ta wayata ta bidiyo. Ba ta damu da fuskarsa ba. "Nuna min ƙafarka," take cewa. Sai ya juya wayar ya buga ƙafa a ƙasa, "Inna, ga ni a ƙasa." Ta yi dariya ta ce Alhamdulillahi. A hankali ta koma cin tuwonta, ni ma na daina gudun tsakar gida.

Daga baya wani zazzaɓi ɗan ƙarami ya kama Inna, ba wanda ya ɗauke shi da zafi. Wata safiya ina dama mata kunu ta cika.

A garin nan ba a ajiye gawa. Kafin in dawo hayyacina gida ya cika, an ɗora ruwa, an aika masu haƙa. Matar da za ta yi mata wanka ta leƙo ta ce, "Ina likkafanin Hajiya? Na san tana da nata." Na tashi na buɗe adakar nan kamar wadda ba ta san komai ba, na zura hannu har ƙasa. Babu komai sai ƙamshin turaren. Mijina ne ya fita kasuwa ya yanko wani.

Na kira Auta. Ya ce a jira shi, zai nemi jirgi yau ɗin nan. Na ce dattawa sun ce bayan azahar. Ya ce, "Yaya, yana wurina. Yana cikin jakata."

Na ce, "Na sani."

Ya roƙe ni kada in kashe wayar. Da maza suka shigo suka ɗauki makarar, na bi su har bakin zaure, inda mata suke tsayawa, na ɗaga wayar sama ya gani. Suka sha kwanar lungu da ita, salatinsu yana nisa. Na juyo da wayar. Yana zaune a bakin gado, farin yadin a cinyarsa, ya damƙe shi da hannu biyu. Layin ya lalace, muryar ta ɗauke. Ina ganin bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ina ta cewa, "Auta, ba na jin ka," shi kuma bai daina magana ba.