Shaidar da Na Bayar a Salka

Wurin da nake koyar da kwamfuta a Kontagora ba reshen kowa ba ne, na faɗa har bakina ya gaji. Akwai wata hukuma a ƙasar waje mai shirya jarrabawar aikin haɗa kwamfutoci da intanet, ita ke ba da satifiket ɗin da kamfanoni ke nema. Sun taɓa gayyata ta in shiga sahun abokan hulɗarsu, in kafa tambarinsu a ƙofa. Sharaɗi, wai in koyar da littafinsu kaɗai, da Turanci zalla. Ni da ajina akwai Kambari, akwai Dukkawa, akwai Fulani, Hausa ce kawai ke haɗa mu! Na ce su riƙe tambarinsu. Ni nawa koyarwa, wanda ya shirya ya je Abuja ya rubuta jarrabawarsu.

A wata shekara, wadda ta fi kowa a ajin wata budurwa ce daga Salka, 'yar wani Alhaji mai sayar da hatsi. Ba ta da buri sai jarrabawar nan. Mahaifinta kuwa bai ce ta je Abuja ba, bai ce kada ta je ba.

Muna gama karatu sai ga ƙanen Alhaji da saƙo. Wai an sa ranar walima, an sayi rago, ni zan zo in miƙa wa yarinya takardarta a gaban jama'a kamar yadda ake yi a saukar karatu. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, cewa takarda ba a hannuna take ba, sai ta ci jarrabawa masu ita su ba ta. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ai abin mai sauƙi ne, wai maƙwabcin wurin koyarwata yana da na'urar buga takarda mai kala, in ɗora tambarin mutanen a wuce wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tambarin da na ƙi karɓa da rana tsaka, shi zan sata? Na sallame shi.

Ranar walima na tafi Salka hannu rabbana. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'yan kasuwar hatsi sun cika wuri, ɗalibar tawa kuma tana daga zaure cikin mata. Da liman ya gama addu'a sai ido ya dawo kaina. Na sake bayanin nan dai, ina jin ana gunaguni a bayana, wai wane irin malami ne wannan da ba ya iya shaidar ɗalibarsa. Maganar ta yi mini zafi.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam, bar zancen Turawa. Ta iya ko ba ta iya ba?"

Na miƙe tsaye. Na rantse ta iya, na ce ban taɓa koyar da kamarta ba, akwai ma inda ta fi ni. Na yi ta zubawa don in rufe bakin masu gunaguni.

Alhaji ya yi hamdala, ya ce, "To shi ke nan. Wanda ya koyar da ita ya shaida a gaban jama'a. Me za ta je nema wurin waɗanda ba su taɓa ganinta ba? Ba inda za ta."

Aka shafa fatiha. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na bi shi ina haba Alhaji, haba Alhaji, shi kuwa sai godiya yake yi mini, har ya sa a ƙunsa mini cinyar rago. Har yau idan na tuna haushi nake ji, na Alhaji da na masu tambarin gaba ɗaya.

Zan hau babur sai yarinyar ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, da ma ka ce da saura."