Malam Ishaya da Akwatin da Ba Fim

Ina sanar da ikilisiyar Kafanchan, da ma'aikatan reluwe, da duk wanda ya taɓa ba da aron kujera don a yi hoto, cewa daga yau babu mai sake tsayar da ni cikin rana tsaka, da kwat a jikina, ya ce kada in yi numfashi. Na sami 'yancin kaina kafin Nijeriya ta sami nata. Da irin wannan magana Malam Ishaya zai so in fara, na kuma fara. Iyakar dariyar da na iya kawowa ke nan.

Ina aji ina fama da yara a kan lissafi sai ga Baba Katikis, mai wa'azin cocin Godogodo, a bakin ƙofa. Rigarsa ta rine da jini daga kafaɗa har gwiwa. Bai gaishe ni ba.

"Malam Bitrus, fito. An fasa wa ɗan'uwanka kai a kasuwa. A motar doya muka kawo shi, yana asibiti."

Na tambaye shi wa ya yi. Ya ce in fara ɗauko hulata.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ishaya mutumin Manchok ne, tare muka yi horon malanta, tare muka koyar a makarantar mishan ta nan garin. Gajere ne siriri, amma Ubangiji ya zuba masa muryar da ta isa mutum uku. Yana da bulala a aji kamar kowane malami, sai dai taswira kawai yake nunawa da ita. In an yi masa magana sai ya ce, "Bulala ba ta san baƙi ba, yaya za ta koya wa yaro?" Ni kuwa ina duka, kuma yarana suna cin jarrabawa, saboda haka mun daɗe muna wannan gardama.

'Yan shekarun baya mishan ta zaɓe mu mu biyu mu je Ingila ganin makarantu. An kira tafiyar ziyarar aiki. Gaskiyarta hutu ce, kuma rabinta a kan ruwa ta ƙare. Ni na shirya da littattafan matafiya, na haddace sunayen tashoshin jiragen ruwa tun kafin mu bar Kafanchan. Shi kuwa ya hau jirgin ƙasa ya je Jos ya sayo akwatin ɗaukar hoto, baƙi, mai kusurwa huɗu. Irin wanda ake riƙewa a ciki ne, mutum ya sunkuyar da kai ya leƙa wani ɗan madubi a samansa, kamar mai addu'a. Ya ce mutanen Manchok ba za su yarda akwai ruwan da ba a hango ƙetarensa ba, sai ya kawo musu shaida. Gani ya kori ji.

Tun daga Ikko ya fara ɓarna. Ya ɗauki hoton igiyar da aka ɗaure jirgi, ya ɗauki hayaƙi. A Takoradi ya ɗauki injin ɗaga kaya yana lilo da buhunan koko, ya tsayar da ni a bakin ƙarfen jirgi har wuyana ya ƙage. Na yi ta ce masa ya yi tattalin fim, ƙasar Turawa na gaba. Bai ji ba.

Da hantsi muka shiga Firitawun ta ƙasar Saliyo. Garin yana kwance a gindin wani dutse kore shar, gajimare ya naɗe kansa. Ishaya ya ɗauki dutsen, ya murɗa, sai na ji ya yi tsaki. Na leƙa jar tagar da ke bayan akwatin, inda lamba take fitowa, babu lamba. Fim ya ƙare, sauran kuma suna can ƙasa cikin adakarsa.

A daidai lokacin leburori suna hawo da kayan fasinja. Wani dattijo a cikinsu ya zame da ƙaton akwatin wata Baturiya, akwatin ya daki ƙasa, muka ji tangaran sun tarwatse a ciki. Wani Bature ma'aikacin jirgin, mai jan wuya, ya ɗauki guntun igiya mai ƙulli a baki. Bugun farko ya tsaga wa dattijon kunne. Na biyu ya kwantar da shi. Daga nan Baturen ya haɗa da takalmi, a haƙarƙari, a baki, dattijon yana ta neman rufe kansa da hannu, jini yana bin tsagin katako yana gangarowa wajen ƙafafunmu. Sauran leburorin suka tsaya da kaya a ka. A bene na sama Turawa suna jingine da kofunan shayi, wata mace ta juya baya. Na karanta labarin irin wannan a littafi, amma littafi bai gaya mini ƙarar da haƙarƙari ke yi ba.

Na kama hannun Ishaya. "Zo mu sauka ƙasa. Nan ba garinmu ba ne."

Ya ce, "Duka yana da gari ne?"

Ya fizge hannunsa, ya taka har gaban Baturen, ya kafa ƙafa, ya ɗora akwatin a cikinsa, ya sunkuyar da kai. Sannan ya saki muryar nan da Turancinsa na aji, ya ce kowa ya tsaya yadda yake, kada wanda ya motsa.

Baturen ya tsaya, hannu a sama. Na ga idonsa ya sauka kan akwatin. Sai ya mayar da igiyar bayansa a hankali, ya ja rigarsa ƙasa, har ya ɗan gyara hula. Ishaya ya danna, ƙyas. Ya murɗa, ya sake dannawa. Kafin ya ɗago leburorin sun janye dattijon.

Da muka sauka ɗakinmu na ce, "Malam, fim ɗinka ya ƙare tun a kan dutse."

"Kai ka sani, ni na sani. Shi Baturen bai yi wannan karatu ba."

Ya zauna a bakin gado yana goge madubin da gefen riga, ya faɗi maganar da daga baya ya sha maimaitawa: "Mutum yana iya yin mugunta a gaban Allah, amma ba ya so ya yi ta a gaban hoto. Allah ba ya nuna wa surukai."

A Las Palmas, wata tasha da jirgin ya tsaya, ya sake gwadawa a kan wasu 'yan tireda biyu da suka zare wuƙa saboda fasinja ɗaya. Sun riga sun yanki juna, ɗaya hannun rigarsa ya jiƙe. Da suka ji tsawa suka ga akwati, sai suka ɓoye wuƙaƙen, suka rungumi kafaɗar juna suna murmushi, jini yana ɗiga a kan lemun da suke sayarwa. A Libaful, inda muka sauka a Ingila, dabarar ba ta ci kyauta ba. Wasu mashaya suna tattaka wani baƙin mutum a bakin tasha. Biyu sun tsaya, na ukun giya ta hana shi ganin akwati, ya kai wa Ishaya naushi ya zubar masa da haƙorin gaba. Na tsince shi a ƙasa yana tofar da jini, ya rungume akwatin a ƙirji. Na ce masa ga sakamakon shisshigi. Ya ce, da sabon giɓinsa, "Mutumin ya gudu ko bai gudu ba?" Ya gudu.

Da muka dawo aka kai fim Jos aka wanke. Dole in faɗi gaskiya ko a gaban kabari: ban taɓa ganin hotuna marasa kyau kamar nasa ba. Teku ta fito a karkace kamar za ta zube. Libaful duk toka ce, ba a bambanta gini da sama. Hotona na Takoradi, wanda na ba da wuyana dominsa, kunnena ne kawai da buhun koko. Duk da haka ya jera su a allo ya zagaya da su ƙauyuka, tsofaffin Manchok suka duba dutsen Saliyo suka ce bai kai na Kagoro ba, ya dawo yana murna kamar an yabe shi.

Fim yana da tsada, albashin malami kuwa kowa ya san shi. Sai ya daina saye, amma bai daina rataya akwatin ba. Da shi ya raba 'yan dako a tashar jirgin ƙasa. Da shi ya tsayar da wani maƙwabcinsa da ke jan matarsa a ƙasa da gashi. A kasuwar citta ta Kachia ya shiga tsakiyar Fulani makiyaya da suka rufe wani manomi da sanduna, suka sauke sandunan suka jera. Bai taɓa tambayar wa ke da gaskiya ba kafin ya shiga. Yakan ce, "A fara tsayawa tukuna. Shari'a tana son mai rai."

Uwargidansa Rifkatu ta sha kawo mini ƙara. "Malam Bitrus, ka yi wa abokinka magana. Wannan akwati ba garkuwa ba ne. Ya bar haƙori a ƙasar Turawa, saura me zai bari a nan?" Na yi masa magana. Na kawo masa misalai daga tarihi. Ya saurare ni da ladabi, kamar yadda yake sauraron wa'azi mai tsawo.

Abin da ya faru a Godogodo, daga bakin Baba Katikis na ji shi a barandar asibiti. Shanu sun shiga gonar acca sun cinye ta ana gab da girbi. Ranar kasuwa aka ga wani makiyayi, aka ce shi ne. Aka kayar da shi tsakanin rumfuna, aka rufe shi da ƙotar fartanya da itacen wuta da duwatsu. An karya masa hannu, an fasa masa goshi, wasu suna kiran a kawo igiya. Ishaya ya je duba wata ƙaramar makaranta ne, ya biyo ta kasuwa. Ya kutsa, ya kafa ƙafa, ya sunkuyar da kai, ya daka tsawar. Waɗanda ke gabansa suka tsaya.

Amma akwati abin da ke gabansa kawai yake kamawa. Mai gonar bai iso ba sai lokacin. Ya taho a guje ta baya da taɓarya, idonsa ya rufe, ya ga mutum a sunkuye a tsakiyar taro, ya sauke masa ita a ƙeya. Baba Katikis ya ce ƙarar kamar an fasa tulu. Mai gonar nan ɗan ikilisiya ne, Ishaya ya koyar da 'ya'yansa biyu. Da ya juya shi ya ga fuskar, sai ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka, a nan 'yan doka suka same shi.

Na ce, makiyayin fa? Baba Katikis ya ce ya bar shi kwance ba ya motsi, bai ga alamar rai ba.

Ishaya bai farfaɗo ba. Washegari da rana ya cika, Rifkatu tana riƙe da ƙafarsa. Na fito baranda na faɗa da ƙarfi, a gaban 'ya'yansa da dattawan ikilisiya, cewa mutumin nan ya mutu a banza, ya ba da kansa bai fanshi kowa ba.

Muna zaman makoki bayan biso sai ga wani Bafulatani a ƙofar gida, hannunsa ɗaure da karare, fuskarsa a kumbure, wani ɗan'uwansa yana tallafe da shi. Ya ce sunansa Buba. Shi ne makiyayin da aka rufe da duka a Godogodo. Ya durƙusa nesa da tabarma ya yi wa Rifkatu gaisuwa. Ya ce tun da Malam ya faɗi babu wanda ya sake ɗaga hannu, wata tsohuwa mai sayar da burkutu ta ja shi ƙarƙashin rumfarta ta rufe shi da zane.

Sannan ya ce, "Inna, roƙo na zo yi. Hoton nan da Malam ya ɗauka, in an wanke, a ƙone shi. Ina da 'ya'ya maza. Kada su girma su ga fuskokin."

Rifkatu ta dube ni, ta dubi akwatin da ke rataye a bango da tsagewa a gefensa. Ta ce, "Je ka, ɗana. Ba wanda zai gani."

Ubangiji Mai jinƙai ya karɓi bawansa Ishaya, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa a wurin da ba a ɗaga wa kowa hannu. Ya ta'azantar da Rifkatu, ya zama uba ga 'ya'yan da aka bari, ya buɗe musu hanyar karatu da abinci. Ya warkar da hannun Buba. Ya ji tausayin mai gonar da ke tsare yanzu, da matarsa, da yaransa da za su koma aji su tarar da wani malami. Ya kwantar da zukatan mutanen Godogodo, manoma da makiyaya, kafin wata damina. Amin.

Maganar da na yi a barandar asibiti kuwa, na janye ta. Ban faɗi daidai ba.