Likkafanin da Tela Ya Aika wa Yayarsa

Ranar wata Laraba ce cikin watan Muharram, a farkon shekarun saba'in, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu uku ne a shagon telan unguwarmu ta Sa'alaba a Jidda: ni, da telan, da wani abokina ɗan ƙasarmu Sudan da ke aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Jidda. A lokacin ina karanta labarai da Hausa a rediyo, kuma na tara hutun shekara biyu ban ci ba. Abokin nan nawa shi ya samo mini gurbi a jirgin da zai mayar da ragowar alhazan tsibirin Sumatra gida. Ba ni da wani dalilin tafiya illa son ganin ƙasa. Na gaji da karanta sunayen garuruwa a takarda, ina so in taka ɗaya da ƙafata.

Telan mutumin can ne. A Jidda duk wanda ya fito daga waɗannan tsibirai Bajawe ake ce masa ko da bai taɓa ganin Jawa ba, shi ma ya daɗe da daina yi wa mutane gyara. Ya zo aikin hajji yana saurayi da alkawarin komawa bayan shekara guda, sai ya shekara talatin da biyar. Zama cikin Hausawa ya sa yana jin Hausa sarai, yana mayarwa da gargada, inda ta ƙare masa ya cike da Larabci. Ammu muke ce masa, wato baffa.

Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin teburin yanka ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Ustaz, amana. Likkafani ne. Ni na kai shi Makka, na wanke da Zamzam, na yanka da hannuna. Ka kai wa yayata."

Abokina ya ajiye kofin shayinsa. "Ammu, shekara talatin da biyar ba ka aika mata ko ɗankwali ba, yau da ka tashi sai likkafani? Ni in ƙanena ya yi mini haka, shi zan naɗe a ciki."

"Uskut, rufe mini baki, ya ɗan dako. A wurinmu babu kyautar da ta fi wannan."

Daga nan ya yi mini bayani a taƙaice, idonsa a kan zaren da yake sa wa allura. Mahaifiyarsu ta rasu ba ya nan. Ya rubuta wa yayar tasa wasiƙu, ba ta taɓa amsa ko ɗaya ba. Yana so ya koma gida kafin ƙarfinsa ya ƙare, amma ba zai iya zuwa a juya masa baya a gaban dangi ba. In ta karɓi ƙunshin, akwai hanya. In ta ƙi, in dawo masa da abinsa.

Ya ce, "Kai mai labarai ne. Ba za ka ƙara gishiri ba."

Ya rubuta mini sunan garin da na unguwar a takarda. Bai gaya mini yadda ake shiga gida a ƙasarsu ba, don bai san akwai wata hanya ban da tasu ba. Ni ma ban tambaya ba, saboda dalili iri ɗaya.

Mun yi sama da mako biyu a teku. Daga tashar da muka sauka na shiga motar haya, ta yi ta hawa tana lanƙwasa tsakanin duwatsu da ruwan da ke zubowa daga sama, har kunnuwana suka toshe. Garin telan yana can kan tudu, tsakanin manyan duwatsu biyu, ɗaya yana fitar da siririn hayaƙi wanda babu mai ɗaga kai ya duba sai ni. Na baro Jidda ina gumi, a nan kuwa sai da na sayi bargo. A tsakiyar gari akwai doguwar hasumiya mai agogo, kasuwa na gefenta a kan gangare, ana hawa ana sauka da matakala. Rufin manyan gidaje ya tanƙwaro sama ta kowane gefe kamar ƙahon ɓauna.

Washegari da hantsi na ɗauki keken doki, na nuna wa mai keken takarda, ya kai ni bayan gari. Gidan dogo ne, na katako, an ɗora shi a kan turaku, an sassaƙa masa furanni a jiki. Rumbunan shinkafa biyu na tsaye a gabansa. Babu zaure, babu katanga. Matakala ce kawai mai hawa biyar ta kai ga ƙofa.

Na tsaya a gindinta na yi sallama. Aka amsa daga sama. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, na ambaci sunan telan, na ce Jidda, na ce Makka. Ta dube ni, sannan ta faɗi wata kalma, ta yi nuni da hannu. Na gane cewa take in hau. Amma ni an haife ni a gidan da baƙo namiji ba ya wuce zaure, kuma na ga babu takalmin namiji ko ɗaya a ƙofar. Na sunkuyar da kai, na ja da baya, na koma gindin wata bishiya ina jiran maigida. Ta sake faɗin kalmar. Na sake sunkuyawa, ina ganin ladabi nake yi. Aka rufe tagar.

Sai bayan La'asar mijin ya dawo daga gona, ɗan siririn dattijo da baƙar hula, fartanya a kafaɗa. Na miƙe na gaishe shi, na miƙa masa ƙunshin da hannu biyu. Ya ja da baya, ya mayar da hannuwansa bayansa kamar na miƙo masa garwashi. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya nuna matakalar da babban yatsansa, ya yi magana mai tsawo. Abin da na fahimta shi ne, daga ciki an ce kada a karɓa. Na rungumi ƙunshin na koma masauki.

Washegari na yi yawon da ya kawo ni. Na ga mata a kasuwa suna saƙa zane da zaren zinariya, a yini guda ba ya wuce faɗin yatsu uku. Na ci abinci a inda ake jera wa mutum ƙananan faranti goma sha wani abu, ya ci abin da ya ga dama, barkonon kuma ya sa na yi hawaye a gaban mutane. Na tsaya a bakin wani kwazazzabo mai zurfi, gajimare na tafiya a ƙasa da ni. Duk wannan na gani, amma a kaina jimla ɗaya nake gyarawa, yadda nake gyara labarin rasuwa kafin a kunna jar fitilar ɗakin watsa labarai: ta yaya zan ce wa Ammu ta ƙi?

Bayan sallar Azahar a masallacin kasuwa wani malami ya kama hannuna ya ce, "Min fen, ya Hajji?" da Larabcin Makka tsantsa, wato daga ina nake. Ya yi karatu a can shekara goma, ya yi maƙwabtaka da 'yan uwanmu Hausawa, har ya iya cewa sannu da aiki. Ya ja ni shagon gahawa. Na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share.

Ya ce, "Wa ka ce ka miƙa wa?"

"Maigidan."

"Ya Hajji, gidan nata ne. Gonar tata ce, rumbunan nata ne. Daga uwarta ta gada, 'yarta za ta gada. Mutumin da ka tsare da ƙunshi baƙo ne a gidan, da safe ya fita, da yamma ya zo. In ya karɓi saƙon ƙanenta a madadinta, a masallaci zai kwana."

"Kai ma haka kake, malam?"

"Ni ma. Ranar da na tarar da takalmana a ƙasan matakala, halas, an sallame ni ke nan, sai gidan yayata."

Sannan ya daina dariya. Ya ce a ƙasarsu nauyin 'ya'yan mace a kan ɗan'uwanta yake. Shi ke tsayawa ranar aurensu, shi ke raba gardamar gona, shi ke magana da yawun gidan a taron dangi. Telan ba jana'izar uwa kaɗai ya rasa ba. Ya bar yayarsa shekara talatin da biyar ba ta da mai tsaya mata.

Ya ce, "Kai kuma ta ce ka hau, sau biyu, ka ƙi."

Da safe muka tafi tare. Ya nuna mini tulun da ke gindin matakala, na wanke ƙafafuna. Hawa biyar ne, amma a kowane ɗaya ina jin muryar mahaifina yana tambayata ina za ni. Ciki ɗaki ne guda dogo, ƙofofin ɗakunan mata a jere ta baya. Na hango wata tabarma a jikin ginshiƙi ta wajen dama, babu kowa a kai, na nufe ta. Tsohuwar ta yi magana da kaifi. Malam ya ja hannun rigata.

"Ba nan ba. Nan wurin ɗan'uwanta ne."

Aka zaunar da ni kusa da ƙofa. Mijin yana can gefe yana naɗa taba, bai ɗago ba. Ita kuwa ta zauna a gabana, 'yar ƙarama, bayanta ya ɗan ranƙwafa, idonta irin na telan sak. Malam ya shiga tsakani yana fassarawa.

"Ta ce, shekaranjiya ƙafarka ce ke ciwo?"

Na ce ya gaya mata a ƙasarmu namiji ba ya shiga gidan mutane sai maigida ya shigar da shi, kuma girmamawa ce na yi nufi. Ta saurara har ƙarshe.

"Ta ce, to ga maigidan a gabanka, ka gaishe ta."

Na gaishe ta, na nemi afuwa. 'Yan matan da ke bakin ƙofofi suka rufe baki da gyale.

"Ta ce da ta ga ka tsaya a ƙasa, ta tabbata shi ya aiko ka. Shi ma haka yake, ya tsaya daga nesa yana turo takarda. Ta ce takarda ba ta ɗaukar makara, ba ta zama a taro."

Ba a aiko ni in kare shi ba. Na tura ƙunshin gabanta da hannu biyu. Ya daɗe a kan tabarma tsakaninmu. Can ta jawo shi, ta kwance, ta kai ƙyallen hancinta. Ta warware, ta auna da kamun hannunta, tana ƙirgawa a hankali. Ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, malam ya juyo wurina.

"Ta ce ya yanka shi da tsawon da ya bar ta da shi. Ta rage tun daga lokacin."

Ta ninke shi yadda ya zo, ta tashi, ta buɗe wani akwatin katako ta sa a ciki, ta rufe. Na ce wa malam ya tambaye ta abin da zan faɗa idan na koma. Ta yafe?

"Ta ce ba kai ka yi mata laifi ba, ba kai za ka ɗauki amsa ba. Ka faɗi abin da ka gani."

Aka kawo abinci, muka ci. Da za mu sauka ta ba ni wani gwangwani da aka ɗaure da igiya. Nama ne da ake dafawa cikin ruwan kwakwa da kayan yaji yini guda har ya yi baƙi ya bushe, guzurin matafiyansu, yana wata bai lalace ba. Ta ɗaga mini yatsa. Wannan ban jira fassara ba: ba nawa ba ne.

Na dawo Jidda cikin Rabi'ul Awwal. Abokina ya tare ni a tasha, na ba shi labari a hanya. Ya ce, "Ka ce masa ta yafe mana. Kalma biyu, me za su rage ka? Tsoho ne." Na yi tunanin hakan har muka iso Sa'alaba. Amma in na ce ta yafe, ya je ya tarar ba haka ba, ni na tura shi.

A shagon na faɗa masa komai bi da bi, har da tsayuwata a gindin bishiya. A nan ya dafa kai ya ce, "Ya Ustaz, ya Ustaz," abokina kuma ya samu abin yi mini dariya na shekara guda. Na faɗi maganar takarda, ban rage ba. Na faɗi awo da akwati. Na ce ban ji kalmar yafiya ba.

Ya tsayar da keken ɗinkin. "Ina aka zaunar da kai?"

"Kusa da ƙofa. Na nufi wata tabarma a jikin ginshiƙi, ta hana ni."

"Ta dama?"

"Ta dama."

"Sabuwa ce ko tsohuwa?"

Na rufe ido na tuna, don kada in faɗi abin da ban gani ba. Na ce, "Sabuwa ce. Gefenta ko lanƙwasa bai yi ba."

Ya kwance igiyar gwangwanin, ya ɗauki yanka ɗaya ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya tura mana sauran.

Bayan hajjin da ya biyo baya ya sayar da keken ɗinkinsa, ya mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya shiga jirgin alhazan Sumatra. Shagon ya koma hannun wani mai gyaran rediyo.