Ƙullin Hannuna

Ni ɗan manomi ne daga Badarawa. Na tashi ina ganin in baya ya riƙe Baba, da ruwan zafi ake gasa masa, a shafa man kaɗanya, ya sha citta da kanumfari ya kwanta. Da na samu aiki a wani kemis a Kaura Namoda, sai na fara yi wa wannan dariya.

A nan na lura mutanenmu ba sa tambayar sunan magani. Launi suke saye. Manomi zai ce, "Ba ni ja da hwari, na gajiya." Ran nan maigidana ya ba ni kwalin ƙwayoyin kashe ciwo da wa'adinsu ya ƙare, ya ce in ƙona. Ban ƙona ba. Na ɓare su, na gauraya, na ƙulla a 'yan ledoji da wani ƙulli mai kunne biyu da Baba ya koya mini na ɗaurin buhu. Daga nan na shiga neman irinsu da gangan, ina raba wa 'yan talla a kasuwannin Shinkafi da Moriki. Har "Likita" ake ce mini, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Wata damina aka kira ni asibiti, Baba yana aman jini. Likitan gaske ya ce ƙwayoyin ciwo ne ya daɗe yana sha ba abinci a cikinsa, suka ci masa ciki. Na sa hannu a aljihun rigarsa, na ciro leda mai kunne biyu.

"Baba, mi ya sa ka bar cittarka?"

Ya ce, "Ƙullinka nig gani wurin mai talla. Nic ce ɗana ba shi cutata."

Ba a jima ba aka kama wani ɗan tallana, ya nuna ni. Ina gidan yari Baba ya rasu, ban samu jana'izarsa ba. Wannan ya fi ɗaurin yi mini ciwo.

Yanzu na fito, na tuba, ina noman gonarsa. Matasa, abin da aka ce ku ƙona, ku ƙona shi. Kada ku sha ƙwayar da ba ta da suna, in ciwo ya ƙi tafiya ku je asibiti. Kada kuma ku sayar da abin da ba za ku ba mahaifinku ba. Ni ban ba nawa ba, da kansa ya je ya saya saboda ya yarda da ni.